Bayani a Kan Zaibar Cikon Haƙori da Hanyar Auna Ta

Bayan haka, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a ƙasashen Turai da Amurka, yau kuwa duk mai riƙe da wayar hannu yana iya cin karo da ita. Maganar ita ce, wai cikon nan mai launin azurfa da likita kan toshe kogon haƙori da shi dafi ne, yana cin mai shi sannu a hankali bai sani ba. Masu faɗar haka sukan ƙara da cewa akwai gwajin da zai tona asirin dafin, akwai kuma maganin da zai fid da shi, amma fa sai an biya. Mai ciko a baki in ya ji wannan sai hankalinsa ya tashi. Wani ya zubar da dukiyarsa wajen gwaji, wani ya je a fasa masa cikon da ke zaune lafiya, wani kuwa ya ƙi zuwa asibiti sam, har haƙorin ya ruɓe ya kai ga cirewa.

Maganar nan akwai gaskiya a cikinta, akwai kuma ƙari, sai an sheƙe kafin a raba tsaba da ƙaiƙayi. Malami ya san ba a yanke hukunci sai hujja ta tsaya. Falke kuma ya san ba a ƙulla ciniki sai an ga mudun da za a auna da shi. To, mas'alar zaiba dukanta mas'alar awo ce: nawa ne yake shiga jiki, da wane mudu kuma aka auna shi.

Fasali na 1: Zaiba da ciko

Zaiba ƙarfe ce, amma tana zaune ruwa-ruwa ko da a tsakiyar hunturu. In ta zube ƙasa sai ta watse ƙwaya-ƙwaya tana gudu. Ta fi ruwa nauyi sau 13 da rabi. Larabawa suna ce mata zi'baƙ. Daga wani jan dutse ake samo ta, ramin da ya fi shahara kuwa a duniya yana ƙasar Andalus, a wani gari mai suna Almaden, wanda asalin sunansa Larabci ne, watau ma'adini. Ita ce aka riƙa shafa wa bayan madubi a zamanin da, ita ce kuma farin zaren nan da ke hawa da sauka a cikin tsohon ma'aunin zafin jiki na asibiti.

Shi kuwa ciko, wanda likitoci ke kira amalgam, haɗi ne. Kimanin rabin nauyinsa zaiba ce, sauran rabin garin azurfa ne da kuza, irin wadda aka haƙa a Jos, da jan ƙarfe, wani lokaci har da ɗan tutiya. A yau yakan zo a aune cikin 'yar ƙaramar kwalba rufaffiya. Inji ya girgiza ta na ɗan lokaci kaɗan, sai haɗin ya fito da taushi kamar ƙullu. Likita ya ƙwaƙule ruɓar da ke kogon haƙori, ya danna haɗin ya gyara fuskarsa. Kafin mai haƙori ya tashi daga kujera ya fara daskarewa, kafin kwana ɗaya ya yi ƙarfin da zai jure tauna shekara da shekaru. Dalilin daskarewar shi ne zaibar ta kama azurfa da kuza sun zama jiki guda, ba ta da sauran ikon gudu irin na da.

A lura, wannan dabam yake da haƙorin Makka. Shi haƙorin Makka hula ce ta ƙarfe da ake kifa wa haƙori daga waje don ado, ciko kuwa a cikin rami yake, galibi a turamen baya inda ake tauna.

Fasali na 2: Gardamar ba ta yau ba ce

Mutanen Sin ne aka fara sani da wannan dabara, gama wani littafinsu na magunguna da aka rubuta a shekara ta 659 bisa lissafin Miladiyya ya ambaci haɗin zaiba da azurfa da kuza don gyaran haƙori. A 1833 waɗansu 'yan'uwa da ake kira Crawcour suka kai irinsa Amurka daga Turai. Ba su ƙware ba, sukan danna haɗin a kan ruɓa ba su share ta ba, haɗin nasu kuma yakan kumbura ya tsaga haƙori. Manyan likitocin lokacin, waɗanda da zinariya suke ciko, suka tashi a kansa. A 1845 ƙungiyarsu ta sa kowane ɗanta ya ɗauki alkawari ba zai taɓa shi ba. Amma zinariya sai mai hali, amalgam kuwa talaka ma yana iya biya. Kasuwa ta rinjayi alkawari, ƙungiyar ta watse a 1856, aka kafa wata a 1859 wadda ba ta hana ba. A 1895 zuwa 1896 wani likita mai suna G. V. Black ya tsai da gwargwadon haɗin yadda ba zai kumbura ba, ba kuwa zai tsuke ba, daga nan ya zama cikon duniya.

A 1926 wani masanin sinadarai na Jamus, Alfred Stock, ya sake ta da maganar. Shi kansa tururin zaiba ya cuce shi a ɗakin aikinsa, saboda haka ya yi gargaɗi cewa ciko ma yana fid da tururi. Likitoci da yawa suka musa, suna cewa abin da ya daskare ya daskare ke nan. Sai a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980 aka sami na'urori masu kaifi, aka auna iskar baki, aka tarar lalle ciko yana sakin tururi kaɗan-kaɗan, yana kuma ƙaruwa in ana tauna, ko goge baki, ko shan abu mai zafi. A wannan gaɓa Stock ne mai gaskiya. Saura tambaya ta biyu, ko wannan ɗan tururi ya isa ya cuci mutum.

Fasali na 3: Zaiba iri uku ce

Kafin a amsa, wajibi ne a san zaiba tana shiga jiki a kama uku, hukuncinsu kuwa ba ɗaya ba ne.

Ta farko ita ce tsurarta, ruwanta da tururinta. An ruwaito cewa Abubakar Arrazi, likitan Rayyu da Bagadaza wanda ya rasu wajen 925, ya ɗura wa biri ruwan zaiba don ya ga aikinta, bai ga wata illa ba sai alamar ciwon ciki. Ibn Sina kuwa, wanda ya rasu a 1037, ya ambata a littafinsa Alƙanun cewa tururinta yana kawo makyarkyata da shanyewar jiki. Binciken zamani ya gaskata su duka biyu. Ruwan zaiba in an haɗiye shi, abin da hanji ke sha bai kai kashi 1 cikin 10,000 ba, saura ya wuce. Tururi kuwa in an shaƙa, huhu yakan riƙe kamar kashi 80 cikin 100, ya shiga jini, ya sauka a ƙoda, wani ya ƙetara ƙwaƙwalwa, ga mai juna biyu kuma yana iya ratsa mabiyiya ya kai ga ɗan tayi. Ba shi da launi, ba shi da wari. Shi ne ya riƙa kama masu yin huluna da gashin zomo a Ingila da Faransa da Amurka, hannuwansu na rawa, dasashinsu na kumbura, halinsu na sakewa, har Amurka ta hana zaiba a wannan sana'a a 1941. Tururin ciko daga wannan iri yake.

Ta biyu ita ce gishirin zaiba, irin wanda ake zubawa a waɗansu mayukan shafawa da sabulai masu sa hasken fata. Fata tana shan sa, ƙoda ce kuwa take fara jin jiki.

Ta uku ita ce zaibar metil, wadda ta fi duka mugunta ga ƙwaƙwalwa. In zaiba ta zuba a ruwa, ƙananan halittun da ke cikin laka sukan juya ta zuwa wannan kama, ƙaramin kifi ya ci, babba ya cinye ƙarami, ta yi ta taruwa a jikin manyan kifayen teku masu daɗewa. Ita ce ta yi ɓarna a garin Minamata na ƙasar Japan, inda aka gane cutar a 1956, bayan wata masana'anta ta daɗe tana zubar da dattinta a bakin teku. Ita ce kuma ta yi ɓarna a Iraƙi a 1971 zuwa 1972, sa'ad da aka raba irin alkama da aka cuɗa da maganin zaiba don shuka, mutane suka niƙa suka yi gurasa. An kwantar da mutum 6,530 a asibiti, 459 suka rasu a can.

Masu tsoratarwa sukan kawo labarin Minamata su aza a kan cikon haƙori. Wannan shi ne abin da malamai ke kira ƙiyasi ma'al fariƙi, gama iri ya bambanta, hanya ta bambanta, yawa kuma ya bambanta nesa ba kusa ba.

Fasali na 4: Nawa ciko ke fitarwa

Ma'aunin da ake wannan awo da shi sunansa maikrogiram, watau a ɗauki giram ɗaya a raba shi gida miliyan. Mai sayar da zinariya ya san miskali ya ɗara giram 4 da kaɗan, sai ya ƙiyasta ƙanƙantar abin. A 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara ƙididdigar masana, ta ce abin da jiki ke sha daga ciko yana tsakanin maikrogiram 1 zuwa 27 a yini, amma mafi yawan masu ciko nasu bai kai 5 ba. Wanda ke shan 5 kullum sai ya yi fiye da shekara 500 kafin giram ɗaya ya ratsa jikinsa. Jiki kuma ba rumbu ba ne, yana fitarwa ta fitsari da bayan gida, abin da ya shiga yau rabinsa yakan fita cikin kamar wata biyu. Waɗanda nasu ya fi yawa su ne masu ciko barkatai, da masu taunar cingam yini zubur, da masu cizon haƙora cikin barci.

Lissafi kaɗai bai isa hujja ba, saboda haka aka yi gwaji a kan mutane. A 2006 aka buga sakamakon manyan bincike guda biyu. Na farko a arewa maso gabashin Amurka, yara 534 masu shekara 6 zuwa 10. Na biyu a birnin Lisbon na ƙasar Fotugal, yara 507 masu shekara 8 zuwa 10. A kowane wuri aka raba yaran kashi biyu bisa ƙuri'a, kashi ɗaya aka yi musu cikon azurfa, ɗayan kuwa ciko mai launin haƙori wanda ba shi da zaiba. Aka bi na Amurka shekara 5, na Lisbon shekara 7, ana auna basirarsu da hardarsu da aikin jijiyoyinsu. Abin da aka samu shi ne, fitsarin masu cikon azurfa ya ɗan fi zaiba, amma wajen basira da harda ba a ga bambanci ba. A Lisbon kuma aka lura cewa daga shekara ta biyar masu ciko mai launin haƙori sun fi bukatar a sake musu aiki da kamar rabi.

Illar da ta tabbata ga cikon azurfa ita ce ta waɗansu mutane ƙalilan da jikinsu ba ya shiri da shi. Su akan ga farin tabo ko ja a cikin kumatu ko gefen harshe, daidai wurin da ke gogar cikon. In aka sake cikon, galibi tabon yakan tafi.

Fasali na 5: Me ya sa hukumomi ke barin sa

Mai karatu zai ce, in haka ne, don me gwamnatoci ke hana shi? Dalili biyu ne.

Na farko shi ne tsaron ruwa da ƙasa. Ɓarɓashin ciko daga asibitocin haƙori yana bin magudana ya kai kogi, a ƙasashen da ake ƙona gawa kuma zaibar tana tashi cikin hayaƙi. In ta kai ruwa sai ta juye ta zama irin ta Minamata. Ƙasar Nowe ta hana amalgam a 2008, Suwidin ta bi a 2009. A watan Oktoba 2013 ƙasashen duniya suka ƙulla alkawari a Japan kan rage zaiba a kowace sana'a, suka sa masa sunan Minamata. Ya fara aiki a watan Agusta 2017, Nijeriya ta tabbatar da shigarta a 2018. A taron da aka yi a Jeniba a watan Nuwamba 2025 aka amince a daina amalgam zuwa 2034.

Na biyu shi ne taka tsantsan ga masu rauni. Tarayyar Turai ta hana shi ga yara 'yan ƙasa da shekara 15 da masu juna biyu da masu shayarwa tun 1 ga Yuli 2018, daga 1 ga Janairu 2025 kuma ta hana wa kowa sai da lalura. A watan Satumba 2020 Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta ba da shawara cewa in da hali a guje wa sabon cikon azurfa ga mai juna biyu, da mai niyyar ɗauka, da mai shayarwa, da ƙananan yara, da mai ciwon ƙoda, da mai ciwon jijiyoyi ko ƙwaƙwalwa, da wanda jikinsa ba ya shiri da ƙarafan haɗin. Amma a cikin wannan takarda ɗin ta ce ba ta ba da shawarar a cire tsohon cikon da ke zaune lafiya ba. Wannan gaɓa ce masu tsoratarwa kan tsallake in suna kawo labarin.

Madadin kuwa iri biyu ne suka fi yawa. Akwai na roba mai launin haƙori, wanda ake daskarar da shi da wata fitila, amma yana son wuri busasshe da lantarki da ƙwararren hannu, ya kuma fi tsada. Akwai wani siminti da ake haɗawa da garin gilashi, wanda ana iya sa shi da kayan hannu kawai ba inji. A Tanzaniya aka fara wannan hanya a tsakiyar shekarun 1980, a 2021 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da simintin cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa su ba. Ya dace da ƙananan koguna da haƙoran yara, amma bai kai amalgam juriya ba a babban rami na turmi.

Fasali na 6: Awon gaskiya

Wanda yake da dalilin zaton zaiba ta shige shi, akwai hanyoyin awo sanannu, kowace da abin da take nunawa.

Fitsari shi ne madubin tururi da gishirin zaiba, domin a ƙoda suke sauka. Mafi inganci a tara na yini da dare cur a cikin mazubi mai tsabta da ɗakin gwaji ya bayar. Dalili kuwa, fitsarin asuba mai kauri da na wanda ya sha ruwa da yawa ba su zama daidai ba. In sau ɗaya aka ɗauka, sai a daidaita lissafin da wani sinadari da ƙoda ke fitarwa bisa ƙa'ida, sunansa kiriyatinin, wanda giram ɗayansa ya yi kusa da abin da ke cikin lita ɗaya. Yawancin mutane, masu ciko da marasa shi, nasu bai kai maikrogiram 5 a lita ba. An ƙiyasta cewa kowace fuskar ciko 10 tana ƙara kamar 1. Iyakar da masanan lafiyar ma'aikata na Amurka suka tsayar ga masu aiki da zaiba ita ce 20. Alamun cuta bayyanannu, irin su rawar yatsu da kumburin dasashi, sun fi aukuwa in an kai wajen 100. Mai karatu ya jera waɗannan lambobi ya ga tazarar da ke tsakaninsu.

Jini yana nuna abin da ya shiga kwanan nan, ya kuma fi nuna zaibar kifi. Wanda ya ci babban kifin teku jiya, aka ɗebi jininsa yau, lambarsa za ta hau, cikonsa kuwa ba ruwansa. Shi ya sa akan ce a bar cin kifin teku waɗansu kwanaki kafin awo.

Gashi yana tsiro kamar santimita ɗaya a wata, yana ajiye tarihin zaibar kifi, amma ba ma'auni ba ne ga ciko. Ƙura da mai da hayaƙi kuma suna manne masa daga waje su ɓata lissafi. A 2001 waɗansu masana a Amurka suka yanki gashin mutum ɗaya mai lafiya, suka raba wa ɗakunan gwaji 6 na 'yan kasuwa, amsoshin suka dawo suna saɓa wa juna.

Gwajin fata, inda ake manna ɗan ƙarfen a baya na kwana biyu, shi yana nuna ko jiki ba ya shiri da shi ne, ba ya faɗin yawan abin da ya shiga.

A kuma sani, babu ɗaya cikin waɗannan da zai ce daga ina zaibar ta fito. Wannan aikin tambaya ne: mece ce sana'ar mutum, me yake ci, me ake shafawa a gidansa.

Fasali na 7: Mudun algus

Akwai kuma awon da aka shirya don ya ba da babbar lamba. Mafi shahara shi ne gwajin tsokana. Akan ba mutum maganin da ke tsamo ƙarfe daga ƙoda, a tara fitsarinsa na 'yan sa'o'i, sa'an nan a gwada lambar da ta mutanen da ba su sha kome ba. Tilas ta fito da yawa, ko ga wanda bai taɓa yin ciko ba, gama kowane ɗan Adam yana da ɗan abin da ya samu daga abinci da iska. Misalinsa kamar mutum ne ya hau magarya ya girgiza ta, ya ƙirga abin da ya zubo, kana ya ce wai haka take zubarwa kowace rana. A 2009 ƙungiyar likitocin dafi ta Amurka ta ba da sanarwa cewa wannan gwaji ba shi da tushe a ilmi, ba a ga amfaninsa ba, yana kuwa iya cutarwa.

Na biyu shi ne na'urar da ake zura wa a baki bayan an sa mutum ya yi tauna. An ƙera ta ne don auna iskar ɗakin aiki. In ta zuƙi 'yar iskar baki a daidai lokacin da tururi ya fi tashi, sai a lissafa kamar dukan numfashin mutum na yini haka yake, alhali yawancin numfashi ta hanci ne, tauna kuma ba ta ɗorewa.

Bayan mudun algus sai tallar magani. Magungunan tsamo ƙarfe suna da wurinsu a asibiti ga wanda dafi ya kama da gaske, da irinsu aka yi wa yaran Zamfara magani a 2010. Amma ba su raba ƙarfen cuta da na amfani. A 2006 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton mutum 3 da suka rasu tsakanin 2003 da 2005, biyu daga cikinsu yara, bayan an ɗura musu ɗaya daga cikin magungunan nan ya kwashe sinadarin kalsiyam daga jininsu, zuciya ta tsaya.

Akwai wata hasara kuma da ba a cika faɗa ba. Kasala da mantuwa da ciwon kai da rashin barci, waɗanda ake jingina wa ciko, alamu ne na ƙarancin jini, da ciwon sukari, da hawan jini, da zazzaɓin cizon sauro. Wanda ya bi sawun ciko ya bar ainihin cutarsa tana ci, ya je neman ƙiba ya samo rama.

Fasali na 8: Inda haɗarin ya fi kusa, da abin yi

A ƙasar nan, wanda aka tarar da zaiba mai yawa a jikinsa, akwai ƙofa biyu da ya kamata a fara dubawa kafin a buɗe bakinsa. Ta farko haƙar zinariya. A Zamfara da sauran wuraren haƙa, akan cuɗa niƙaƙƙen dutse da zaiba ta kama zinariyar, a matse a ƙyalle, a ƙona curin a wuta, zaibar ta tashi tururi ta bar zinariya. Wanda ya sunkuya a kan wutar, da matarsa da 'ya'yansa in a gida ake yi, suna shaƙar abin da ya ninka na ciko ninkin ba ninkin. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2018 ta nuna wannan sana'a ce ke fid da kusan kashi 38 cikin 100 na zaibar da ɗan Adam ke saki a iska. A lura, annobar Zamfara ta 2010, wadda ta kashe yara wajen 400, dalma ce ta jawo ta ba zaiba ba, amma sana'ar ɗaya ce. Ƙofa ta biyu mayukan hasken fata, waɗanda Hukumar NAFDAC ta hana sa musu zaiba. Ɗan kasuwar da ke saro irin waɗannan ba tare da lambar hukuma ba, ya san abin da yake kai wa gidajen mutane.

Abin yi kuwa a taƙaice ga shi. Na farko, mai cikon azurfa da ke zaune daram, ba tsaga, ba ruɓa a gefensa, ba tabo a kumatu, ya bar shi. Lokacin fasa shi ne tururi ya fi tashi, zaibar jini takan hau na waɗansu kwanaki kafin ta sauka, inji kuma yana cin lafiyayyen haƙori a kowace sakewa, kada garin gyaran gira a rasa ido. Na biyu, in cikon ya tsage ko ruɓa ta shiga ƙarƙashinsa, a sake shi a wurin ƙwararren likita mai feshin ruwa da injin zuƙa, mai juna biyu kuwa ta jinkirta har ta sauka in ba lalura. Na uku, wanda za a yi wa sabon ciko yana da ikon ya tambayi irin da za a sa masa, ga yaro da mai juna biyu da mai shayarwa da mai ciwon ƙoda kuwa a nemi marar zaiba. Na huɗu, in babu wani sai amalgam, to, ya fi barin rami a buɗe, gama ruɓa in ta kai jijiya takan tara ƙurji, ƙurjin haƙori kuwa yana iya kumbura fuska da wuya har ya yi kisa. Na biyar, mai son awo ya bi ta hannun likitan asibiti, a yi na fitsari ba tare da an sha maganin tsokana ba, ya kuma yi hattara da wanda shi ne mai awo, shi ne kuma mai sayar da magani.

Daga ƙarshe, haƙorin da bai ruɓe ba ba ya bukatar ciko ko wane iri. Sukari shi ne abincin ruɓa, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada na babban mutum ya wuce kamar giram 50 a yini, watau ƙaramin cokali 12, a haɗa da na shayi da lemon kwalba da alewa. A rage shi, a riƙe asawaki, a haɗa da makilin mai sinadarin fuloraid safe da dare, a kai yaro wurin likita tun ramin yana ƙarami. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ƙara lafiya, amin. Tamat.